Ashirin da Biyar Cikin Talatin

Zuwa ga Auta,

Shekara shida ke nan da 'yan watanni rabona da gida. Na fara da wannan ne don kada ki ɗauka lissafin ya ɓace mini, tunda kin daina tambayata yaushe zan dawo. Na san ba son dawowar kika daina ba, gajiya kika yi da jin amsar.

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya, ke da Baba da yara da mijinki direba mai dogon wuya. Ni da sauƙi. Ciwon bayan nan yana nan yadda kika san shi, in na sunkuya sai na yi shawara da shi kafin in miƙe. Hannuwana sun tsattsage saboda sabulu da safar roba. Tsofaffi tara ne a ɓangarena na gidan kula da tsofaffin yanzu, kuma kusan kowanne yana da 'ya'ya masu motoci da suke zuwa ranar hutu, su sumbace shi a goshi, su juyo su tambaye ni me ya sa farcensa ya yi tsawo. Ban ce mugaye ba ne. Su ma aiki ne ya riƙe su, yadda ya riƙe ni.

Ga dalilin takardar. Ranar da muka yi waya kin ce Baba ya sa rediyonsa a cikin firij, kika yi dariya, kika ce lafiya lau. Na san wannan lafiya lau ɗin. Ita kike yi duk sanda yake zaune kusa da ke ya kasa kunne. Saboda haka daga yau kada ki ba ni labarinsa a waya. Ki rubuta a takarda, ki ɗauki hotonta ki turo, ni ma haka zan riƙa yi.

A nan ba a cewa gigin tsufa ne a yi shiru. Ciwon mantuwa suke kiransa, kuma auna shi suke yi kamar hawan jini. Akwai gwaji mai maki talatin, nas tana yi musu ina tsaye a gefe riƙe da kofin ruwa, har na haddace shi. A tambayi mutum shekara da wata da rana, da inda yake zaune. A faɗa masa kalmomi uku a ce ya riƙe su. A sa shi ya cire bakwai daga ɗari, ya yi ta cirewa. Sannan a dawo a ce, to, kalmomin nan fa? A nuna masa agogo da alƙalami ya faɗi sunansu, ya rubuta jimla ɗaya, ya kwafi wani zane. Wanda ya kai ashirin da huɗu da sauransa. Wanda ya faɗo ƙasa da goma, wannan yawanci sai an ba shi a baki. Akwai kuma wani ma'auni mai hawa bakwai, shi abin da mutum yake iya yi wa kansa yake dubawa: ko yana riƙe kuɗinsa, ko yana zaɓen kayan sawa, ko yana wanka, har zuwa hawa na bakwai inda magana take ƙarewa.

Na rubuta miki tambayoyin a bayan takardar nan, har da kalmomin da aka fi amfani da su: lemo, tebur, kwabo. Ki gwada shi a hankali kamar hira, sannan ki kai shi asibiti su yi nasu.

Ba zan ɓoye miki abin da ya sa nake matsawa ba. Manaja ta ajiye mini takardar sabunta kwangila, shekara biyu, babu dogon hutu a ciki. In na sa hannu, maganinsa ba zai yanke ba, har ki samu mai taya ki aiki. In na ƙi, izinin zamana ya ƙare, sai in tattaro in dawo. Abin da ba na so shi ne in dawo in yi sallama Baba ya tambaye ki wane ne baƙon. Na ga ana yi wa mutane haka a gabana, na ga yadda suke fita suna neman inda za su sa idonsu. Ta ba ni wata uku in yi tunani. Lambar da likita zai ba Baba ita za ta yanke.

Yayanki.

*

Yaya,

Takardarka ta iso, a kicin na karanta ta na jingina da ƙofa. Muna lafiya. Ƙaramin ya yi zazzaɓi ya warke, babbar kuma ta fara jin kanta, madubi ya shiga uku. Baban yara ya ce a gaya maka wuyansa yana nan, da shi yake leƙen hanya ko zai hango ka, har yau ko ƙura bai gani ba. Ka riƙa shafa mai a hannun nan kafin ka sa safar.

Na gwada Baba. Na bari ya sha shayi ya miƙe ƙafa, na ce Baba, wai yau wace rana ce? Ya ce kalanda ce ta ƙare a gidan? Na ce wane wata muke ciki? Ya ce wanda ya biyo bayan wancan. Muka yi dariya. Amma da na zo kan kalmomi ukun sai ya gane jarraba shi nake yi. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya cire hularsa, ya daɗe yana duban cikinta, ya mayar. Ranar dai bai yi ƙoƙari sosai ba, amma bai samu barci mai kyau ba kafin nan, saboda haka ban ƙirga ba.

Lissafin ne kawai ba a magana. Shekara talatin a tagar tashar jirgin ƙasa yana sayar da tikiti ba ta tafi a banza ba. Kafin in rufe baki ya kai sittin da biyar, ni ina can baya ina fama da yatsu.

Na je asibiti, layi ne, sun ba mu nan da mako shida. Kafin nan abin ya zame mana hira. Kullum da safe bayan shayi muna ɗan karatunmu, har shi yake cewa ina takardar yaron nan. Ya fi walwala.

Famfon banɗaki ya sake lalacewa, amma kada ka turo komai a kansa, baban yara ya ɗaure shi da roba.

Ƙanwarka.

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, kowa lafiya. Mun je, mun dawo. Ashirin da biyar cikin talatin.

Da ka ga Baba. Na goge masa farar rigarsa, ya shiga ya gaishe da likita kamar shi ya zo duba shi. Likitan yaro ne, ga gajiya a idonsa, fankar ɗakin ba ta juyawa, mutane sun fi hamsin a waje. Ya tambayi rana da wata Baba ya ba shi. Da aka zo cire bakwai likita ya ce ya isa, Baba bai tsaya ba sai da ya gangaro ƙasa, sannan ya ce, “Saura biyu, likita. In ba ka da canji ka bar shi.” Likitan ya yi dariya har ya ajiye biro. Zanen ne ya ba shi wahala, kalma ɗaya ta kuɓuce masa, kuma bai san hawa na nawa muke a ginin ba, wanda ni ma ban lura ba.

Daga nan likita ya juyo gare ni ya tambaya ko yana sa kayansa da kansa, ko yana wanka da kansa, ko ya taɓa ɓata a hanya. Baba yana zaune a gefena, gwiwarsa tana taɓa tawa. Na ce alhamdu lillahi. Ya rubuta, ya ce farkon abin ne, mu dawo bayan wata shida.

A hanyar dawowa barci ya kwashe shi a tasi. Ni ma na gaji ƙwarai.

Ƙanwarka.

*

Auta,

Ina fata kuna lafiya. Ni na yi mura ta mako guda, da ita na riƙa zuwa aiki, don ranar da ba ka je ba ba a biyanka.

Ban san sau nawa na karanta lambar nan ba. Akwai wani tsoho a ɓangarena, Kyaftin muke ce masa, ashirin da biyar gare shi da aka kawo shi bara, kuma har yau yana cutata a karta, yana ɓoye sarki a ƙarƙashin cinya. Ya san sunan jikokinsa duka, har da wanda ba ya so. Nas ta ce yawanci maki biyu zuwa huɗu suke zubewa a shekara, ko da yake kowa da nasa. Na zauna a ɗakin canza kaya na yi lissafi a bayan takardar albashi. In ma huɗu-huɗu ne, nan da shekara biyu yana da sha bakwai. Mai sha bakwai yana ɓata kwanan wata, yana ɓata hanya, amma ya san ɗansa. Na wanke masu sha bakwai da yawa.

Dubi abin da zaman nan ya mayar da ni, ina zaune ina cire wa ubana maki kamar mai cire kuɗin haya. Amma da me zan yanke shawara? Ba ganinsa nake yi ba. Lambar ce kaɗai a hannuna.

Jiya na sa hannu. Manaja ta yi murmushi ta ce da ma ta san ba zan bar su ba, wai tsofaffin suna sona. Ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ta ƙara mini ko sisi ba.

Daga wata mai zuwa zan ƙara abin da nake turowa. Ki nemi mace mai hankali ta riƙa zuwa da rana, ke ma ki samu ki ɗan kwanta. Maganar canjin nan ta sa ni dariya har abokin ɗakina ya leƙo yana tambaya ko lafiya, don bai taɓa jin na yi ba. Sannu da ƙoƙari, Auta. Na san ke ce a tsakiyar abin, ni daga nesa nake ba da umarni.

Yayanki.

*

Auta,

Lafiya kuwa? Wata uku ke nan babu takarda. A waya ki ba ni lafiya lau guda biyu ki miƙa wa yara. Na san hidima ta yi miki yawa, ban ce ki rubuta littafi ba, layi biyar ya isa. Ni ina nan, ciwon bayan ya ɗan matsa saboda an kawo mana wani mai jiki.

Jiya da kika ba shi wayar na ce Baba, ni ne. Ya ce, “To, ina za ka? Na safe ya wuce.” Na yi dariya na ce a ba ni na yamma. Ya ce in kawo kuɗi daidai. Da na kashe wayar na tsaya a tashar bas ina ta juya maganar har bas biyu suka wuce ni. Da muna yara haka yake mana in mun leƙa tagarsa. Wasan ne yake yi mini, ko? Ki gaya mini wasa ne.

In kuma fushi kike yi da sa hannun da na yi, ki faɗa. Zan iya ɗaukar faɗa. Shirun ne ba na iyawa, a nan ma shi ya ishe ni.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaishe ka. Yara lafiya, baban yara lafiya, ni ma ina tsaye. Baba ba wasa yake maka ba.

Mako uku da suka wuce ina shanya a bayan gida ya buɗe ƙofa ya fita. Sai bayan azahar wani mai sayar da burodi da ya san shi ya same shi a ƙarƙashin gada, zaune a bakin kwata, riga biyu a jikinsa, tawul a ƙugu. Ya ce masa ya makara aiki. Ya kuje a gwiwa, shi ya sa muka wuce asibiti, su kuma suka tura mu ɓangaren masu mantuwa.

Wannan karon likita mace ce, babba, ba ta sauri. Ta ba shi kalmomi uku, amma ba naka ba, wasu ne daban. Da ta dawo ta tambaye shi, ya gyara zama ya ce, “Lemo, tebur, kwabo.” Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, “Baba, wa ya koya maka waɗannan?” Ya nuna ni da haɓa yana jin daɗi, ya ce, “'Yata ce. Malama ce.”

Ta ba shi takarda ya zana agogo, ya tara lambobin duka a gefe ɗaya kamar an share su da tsintsiya. Ranar da watan duk babu. Lissafin ne kawai ya tsaya masa. Sha uku ya samu.

Sai ta sa nas ta tafi da shi awon nauyi, ta rufe ƙofa, ta ce yanzu ni za ta tambaya. Ta bi abu shida ɗaya bayan ɗaya: tunawarsa, sanin lokaci da wuri, yanke shawara, harkokinsa na waje, zaman gida, da kula da jikinsa. Yaya, ban san na cika haka ba sai da ƙofar nan ta rufu. Na gaya mata baban yara ne yake masa wanka tun kafin takardarka ta farko. Ni nake fito masa da kaya, ni nake ɓalla maɓalli. Yana jiƙa shimfiɗa. Wani lokaci da sunan Inna yake kirana, Allah ya ji ƙanta, yana tambayata me ya sa na bar baƙon namiji yana yawo a gidan, yana nufin mijina. Ta ce a ma'auninta da yake ƙarewa a uku yana kan biyu. A naka mai hawa bakwai kuma ya taka na shida.

Yanzu sauran. Ranar farko da na gwada shi na ƙirga. Sha biyar ne. Na ce maka ban ƙirga ba. Mako shidan nan kullum sai mun yi bita, safe da yamma, har ya haddace kamar karatu. Ranar asibitin na yi ta maimaita masa kwanan wata a tasi har bakin ƙofa, kuma da muka shiga na ja masa kujerar da take kallon kalanda.

Kafin ka yi magana, ka tuna gidan da ka fito. Kai ka turo tambayoyin jarrabawa gidan nan. Wa ya taɓa shiga jarrabawa daga gidan nan ba a yi masa bita ba? Baba da kansa yake zaunar da mu a benci kafin ya tafi aiki, littafi a hannu, yana cewa sake, sake. Na ga ya cire hula yana neman amsa a cikinta, na rantse ba zai yi haka a gaban baƙo ba. Kuma da likitan farko ya tambaye ni, me kake so in ce? In ce yana fitsarin kwance, alhali gwiwarsa tana taɓa tawa?

Na san ka ce lambar ce za ta yanke, ban manta ba. Wani gefe na zuciyata ya ce in ya ci da yawa Yaya zai zauna, magani ba zai yanke ba. Wani gefen babu abin da ya gani sai fuskar Baba. Ban san wanne ya fi ƙarfi ba, kada ka tambaye ni. Da ka rubuto ka sa hannu sai na kasa ɗaukar biro.

Ƙanwarka.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Yaya gwiwar Baba? Ki riƙa barin ciwon yana shan iska, kada ki naɗe shi kullum. Ni lafiya.

Wannan ce takarda ta uku. Biyun farko na yaga, kuma gara da na yaga. Na yi mako guda ina faɗa da ke a raina, ina goge wa Kyaftin baya da ƙarfi har ya waiwayo ya tambaye ni wa ya mutu. Sannan na koma na karanta takardunki. “Muna ɗan karatunmu” yana nan da hannunki. “Na ce alhamdu lillahi” ma yana nan. Ni da na tsaya a ɗakin gwajin nan ban san iyaka ba, na san ba a maimaita wa mutum tambayoyin, in aka maimaita awon ya lalace. Na kuma san a nan ɗaki daban ake kai iyali a tambaye su, don babu ɗan da zai tona ubansa a gabansa. Ko ɗaya ban rubuta miki ba. Da kuma na ga alamar a takardarki sai idona ya tsallake, saboda ashirin da biyar ta yi mini daɗi. Kin yi mini ƙarya, wannan ba zan goge miki ba, don ta ci mini shekara biyu. Amma ni na miƙa hannu biyu na karɓa. Kowa ya ɗauki nasa, mu wuce.

Na je wurin Manaja. Ba ta ɓoye mini komai ba, ta buɗe kwangilar ta nuna mini da yatsa. In na karya, zan biya kuɗin izinin aikin da suka kashe, in rasa kuɗin sallama, kuma ƙofar nan ta rufe mini. Hutu akwai, kwana goma, in mahaifi ya rasu, da takardar shaida. Na ce, “In yana raye fa?” Ta ce babu wannan a takardar. Ta zuba mini ruwa a kofi.

Na san hawa na shida, huɗu daga cikin nawa a kansa suke. Hawa ne mai tsawo, wani ya shekara a kai, wani ya fi. Sunaye suke fara tafiya, fuska takan daɗe kaɗan. Na tambayi nas ko akwai awon da zai ce yaushe. Ta ce awon yana faɗin inda mutum yake tsaye ne, ba ya faɗin wanda zai gane gobe.

Saboda haka tambaya ɗaya gare ni, kuma ba ta lamba ba ce. Ina nan a wurinsa, ko na fita? Kada ki tambaye shi. Kada ki nuna masa hotona, kada ki koya masa sunana. Don Allah, Auta, kada ki yi masa bitata. Abin da idonki ya gani kawai za ki rubuto, ko da babu daɗi.

Ki gaya wa mijinki na daina tsokanar wuyansa. Ban san da bakin da zan gode masa ba.

Yayanki.

*

Yaya,

Muna gaisuwa. Gwiwar ta warke. Baban yara ya ce bai yarda ba, in ka daina tsokanarsa zai ɗauka kai ma ciwon ya kama ka.

Ka san ni. Kafin takardarka ta iso har na sauko da hotonka daga bango zan fara. Baban yara ne ya karɓe daga hannuna ya mayar kan ƙusa.

Ga abin da na gani. Sunanka bai fito daga bakinsa ba kusan wata biyu. Amma da yamma in 'yan makaranta suna wucewa yakan tashi ya tsaya a taga yana bin su da ido har su ƙare, sai ya ce, “Saura ɗaya.” In ce wa, Baba? Ya ce, “Babban mana. Kullum sai ya tsaya ƙwallo.” Yana raba burodinsa biyu ya sa rabi a aljihu, in na zo wanki in samu ya bushe. Kai ne, Yaya, amma ɗan firamare. Ko zai samo yaron nan a cikin mai furfura da ciwon baya, ban sani ba. Na tambayi likitar, ita ma ta ce ba ta sani ba.

Makon jiya kwana biyu bai je tagar ba. Na uku ya je.

Ba zan ce ka zo ba, ba zan ce ka zauna ba. In ka zo, abin da kake turowa ya tsaya, kuma na san abin da hakan yake nufi fiye da kai, ni nake zuwa kantin magani. In ka zauna ba za ka ji komai daga bakina ba. Amma wannan karon abin da na rubuta shi ne abin da yake akwai.

Ƙanwarka.

*

Auta,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ni ciwon bayan ya lafa, ban san dalili ba.

Na ajiye aikin. Na cika musu watan da doka ta ce, na nuna wa wanda zai gaje ni yadda ake juya mai jikin nan ba tare da ya karya kansa ba. Manaja ta ce ta yi baƙin ciki, na kuma yarda ta yi, sannan ta miƙo mini lissafin abin da za su cire.

Kada kowa ya zo tarbata, na san hanya. Kada ki gaya masa ina zuwa, kada ki goge masa riga, ki bar shi yadda yake kullum. Na yi tunanin in daidaita isowata da tashin 'yan makaranta, in bi bayansu in wuce ta tagar. Na kwana biyu ina jin daɗin dabarar, sai na ga ita ma bita ce. Duk sanda mota ta kawo ni, shi ke nan. In ya tambaye ki wane ne baƙon, ki ce sabon mai taya aiki ne. Ba ƙarya ba ce, kuma aikin na iya shi. In ajiye jaka in fara.

Ba ki tambaya ba, amma gara ki sani tun yanzu don kada ki sa rai. Ga abin da ya rage bayan sun ɗauki nasu. Tikitin zuwa, babu na dawowa. Albashin wata huɗu, in aka lallaɓa ya kai mu wata shida a can. Kujerar wanka mai naɗewa da za su jefar, na gyara mata ƙafa. Zanen gado na roba guda biyu. Man gyambon kwanciya kwalba uku. Sai takalmi mai maɗaurin manne, wanda ba sai an ɗaure igiya ba, lamba arba'in da uku, in ƙafarsa ba ta kumbura ba.

Yayanki.